Darasi na Bakwai: Kafa Sabon Hali da Taimakon Jagora

Duk wanda ke zaune a wannan aji ya riga ya sauya wani abu a rayuwarsa. Magidanci ya rufe shago, uwar gida ta sauke tukunya, su zo su zauna a benci suna koyon karatu da lissafi, ai wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Duk da haka kowannenmu yana da abin da ya daɗe yana cewa zai fara bai fara ba, ko zai daina bai daina ba. Wani ajiyar kuɗi ce ta gagare shi, wani shan maganin hawan jini a kan lokaci, wani barin sigari, wata kuma bitar karatu a gida. A wannan darasi za mu duba yadda sabo yake kama mutum, da yadda ake kafa sabon hali, da irin taimakon da mutum na biyu, wato jagora ko kocin rayuwa, zai iya bayarwa.

Shin babba yana sauya hali?

Mun taso muna jin ana cewa hali zanen dutse ne. Akwai gaskiya a maganar, domin abin da mutum ya shekara talatin yana yi ba ya barinsa a dare ɗaya. Amma watan azumi kaɗai ya isa ya nuna cewa babba yana sauyawa. Dattijon da ba ya iya awa biyu babu goro a bakinsa, da direban da ke kunna sigari da wutar wadda ya gama, duk sukan kame daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, kwana 29 ko 30 a jere. Saurayin da ake fama da shi kan tashi da asuba, sai ga shi a farke ƙarfe huɗu yana sahur.

Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne dalilin da ya sa mako biyu bayan Sallah da yawa suke komawa gidan jiya. A cikin azumi duk abin da ke kewaye da mutum taya shi yake yi. Lokaci a yanke yake, an san na sahur, an san na buɗa-baki. Gari duka abu ɗaya ake yi. Mai shayi bai kafa tebur da rana ba, mai abinci ba ta fito ba, ga kuma idon jama'a. Da wata ya wuce sai waɗannan duka su watse, mutum ya rage daga shi sai niyyarsa. Niyya kuwa ita ce tushe, ba a fara komai sai da ita, amma ita kaɗai ba kasafai take kai mutum ƙarshen shekara ba. Aikinmu a nan shi ne mu koyi yadda mutum zai shirya wa kansa irin wancan tallafin a kowane wata: lokaci tsayayye, wuri sananne, da wani mai tambaya.

Yadda sabo yake aiki

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Wendy Wood, ita da abokan aikinta sun sa mutane su riƙa rubuta abin da suke yi da abin da suke tunani kowace awa. A sakamakon da suka fitar a 2002, kusan kashi 43 cikin ɗari na ayyukan yini ana yin su ne kusan kullum, a wuri ɗaya, kuma sau da yawa hankalin mai yin yana wani wurin. Ku tuna hanyar da kuke bi zuwa kasuwa. Ba kwa tsayawa ku yanke shawarar inda za ku karya kwana, ƙafa ce take kai ku.

A 2011 ita da David Neal sun yi wani gwaji mai ban sha'awa. Sun raba wa masu kallon fim gugguru a sinima, wasu sabon suya, wasu kuma wanda ya kwana bakwai ya yi laushi. Waɗanda ba su saba cin gugguru a sinima ba sun ɗan taɓa tsohon sun ajiye. Waɗanda suka saba kuwa sun ci tsohon kamar yadda suka ci sabon, alhali su ma sun ce ba daɗi. Da aka maimaita gwajin a ɗakin taro maimakon sinima, sai masu sabon ma suka rage cin tsohon. Ashe wurin ne yake tura hannu zuwa baki, ba yunwa ko daɗi ba. Da ma Bahaushe ya ce sabo turken wawa.

Kowane sabo yana da sassa uku, kamar yadda ɗan jaridar Amurka Charles Duhigg ya yaɗa bayaninsu a littafinsa na 2012. Akwai abin da ke tayar da shi, wanda zai iya zama lokaci, ko wuri, ko wani mutum, ko wani yanayi na zuciya kamar ɓacin rai. Akwai aikin kansa. Sannan akwai abin da mutum yake samu, wato hutu, ko daɗin baki, ko hira, ko mantuwa da damuwa na ɗan lokaci. Magidancin da ke zama majalisa har sha biyun dare, gobe ya makara wurin aiki, ba majalisar ce take kiransa ba. An idar da Isha, ƙafarsa ta saba karkata hagu maimakon dama, kuma a can ne yake samun waɗanda za su saurare shi bayan gajiyar yini. In ya ce zai daina kwata-kwata ba tare da ya san inda zai sami wannan sauraren ba, kwana uku zai yi ya koma. In kuwa ya ce zai zauna, amma da zarar an fara labaran ƙarfe tara a rediyo zai yi sallama, to ya kama hanyar da za ta ɓulle.

Kwana nawa ake ɗauka?

Za ku ji ana cewa kwana 21 sun isa a kafa sabon hali. Asalin maganar wani likitan fiɗa ne a Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa sukan ɗauki aƙalla kimanin kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamar fuskarsu bayan aiki. Lura ce ta likita a kan marasa lafiyarsa, amma aka yi ta yaɗa ta har ta zama kamar doka.

Wadda ta auna abin da gaske ita ce Phillippa Lally ta Kwalejin Jami'a ta Landan. Ta bi mutum 96 tsawon mako 12, kowannensu ya zaɓi ƙaramin aiki ɗaya da zai riƙa yi kullum, kamar shan ruwa bayan karin kumallo ko ɗan gudu kafin abincin dare. Matsakaicin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66. Wani ya samu cikin kwana 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai kwana 254. Aiki mai sauƙi ya fi saurin kamawa a kan mai wahala. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan lambobi amfani a gare mu: tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Wanda ya manta yau ya ci gaba gobe, sabonsa ya ci gaba da ƙarfi.

Saboda haka wanda ya yi mako uku yana ƙoƙari, har yanzu abin yana yi masa nauyi, kada ya ce shi ba mai iyawa ba ne. Lokaci ne bai cika ba. Ku ba kanku wata biyu zuwa uku kafin ku yanke hukunci.

Ƙaramin aiki, tsayayyen lokaci

Yawancin alkawuran da muke yi wa kanmu suna mutuwa ne saboda sun yi girma kuma ba su da lokaci. "Zan riƙa karatu a gida" buri ne kawai. Yaushe? A ina? Shafi nawa? Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi shekaru yana nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi cika. A wani bincike da aka buga a Ingila a 2002, an raba ɗalibai kashi uku a kan motsa jiki. Kashi na farko an bar su haka, na biyu an karantar da su amfanin motsa jiki ga zuciya, na uku kuma bayan karantarwar an sa kowa ya rubuta rana da lokaci da wurin da zai yi. A kashi biyun farko waɗanda suka motsa jiki a makon ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. A na uku sun kai kashi 91. Wa'azi kaɗai bai ƙara komai ba, rubuta lokaci da wuri ne ya kawo bambancin.

Hanya mafi sauƙi ita ce a jingina sabon aiki da wani tsohon aiki da ba ya wuce mutum. BJ Fogg na Jami'ar Stanford a kan wannan ya gina koyarwarsa, tare da nacewa a fara da abin da ya yi ƙanƙanta har mutum ba zai iya kawo uzuri ba. A nan mu muna da gata. Yinin mafi yawanmu a yanke yake da salloli biyar, ga karin kumallo, ga buɗe shago da rufe shi, ga sauke tukunya. Maimakon "zan riƙa karatu," sai a ce: "In na idar da Magariba, kafin in naɗe darduma, zan karanta layi biyar." Littafin kuma a ajiye shi a cikin dardumar, ba a ƙasan akwati ba. Mai hawan jini ya ajiye kwalin maganinsa kusa da kofin da yake shan koko, ya ce: "In na ɗauki kofi, zan haɗiyi ƙwaya." Tela ya rataye littafin awo da biro a jikin keken ɗinki, kada abokin ciniki ya fita sai an rubuta awonsa da ranar karɓa.

Layi biyar kamar wasa ne, kuma da gangan aka zaɓi hakan. A watan farko ba yawan karatun ake nema ba, ana neman hannu ya saba miƙawa ga littafi ne da zarar an sallame. In wannan ya zauna, layi biyar da kansu za su zama shafi.

Barin mummunan hali kuma ta ɗaya ɓangaren ake bi masa: a nisanta abin da ke tayar da shi, a sa aikin ya yi wahala. Wadda waya ke cinye mata dare ta bar ta a caji a falo. Mai son barin sigari ya daina sayen kwali, ya kuma sauya wurin shan shayinsa na ɗan lokaci.

Aikin jagora

Sana'ar da ake kira kocin rayuwa daga fagen wasanni ta samo asali. Wani mai koyar da wasan tanis a Amurka, Timothy Gallwey, ya lura cewa ɗalibansa sun fi gyaruwa in ya rage ba su umarni ya sa su lura da abin da jikinsu ke yi, ya kuma rubuta littafi a kan haka a 1974. John Whitmore, ɗan Ingila kuma tsohon direban tseren mota, ya kai wannan salon cikin kamfanoni, littafinsa ya fito a 1992. A 1995 Thomas Leonard ya kafa ƙungiyar da ake kira ICF, wadda take ba masu wannan sana'a takardar shaida a ƙasashe da dama.

Jagora ya bambanta da mai wa'azi da kuma mai ba da shawara. Babban makaminsa tambaya ce. Ga misali. A ɗauka a cikin aji akwai wata mai tuyar ƙosai da ta manyanta, ta zo wurin malamar da ke yi mata jagora.

"Malama, ni dai kuɗi ba sa zama a hannuna. Kullum ina ciniki, amma wani lokacin ko kuɗin wake sai na ci bashi."

"To Yaya, da a ce komai ya daidaita, nan da wata shida me kike so ki gani?"

"In sayi wake da yawa lokacin kaka, in huta da awon kullum."

"Yanzu in kin tashi daga tuya, ina kuɗin cinikin suke shiga?"

"A bakin zane nake ɗaurewa. Wannan ya zo kuɗin sabulu, wancan kuɗin cefane, ga gudunmawar biki. Kafin La'asar sun tafi."

"Wace dabara kika taɓa gwadawa?"

"Na shiga adashi na dubu biyar duk mako. Na kasa zubi sau biyu, kunya ta sa na fita."

"Nawa kike ganin za ki iya cirewa ko a ranar da kasuwa ta yi sanyi, ba tare da kin ji a jikinki ba?"

Ta yi shiru tana lissafi da yatsu. "Ɗari biyu dai ba za ta gagara ba."

"Yaushe za ki cire, kuma a ina za ki sa?"

"In na sauke kasko, kafin in ɗaure kuɗin. Akwai asusun gwangwani a ɗakina, sai in riƙa zuwa da shi a kwandon kayan tuya."

"Madalla, Yaya. Ranar Asabar in mun haɗu zan tambaye ki sau nawa kika sa."

Ku sake karanta hirar ku nemi wurin da malamar ta ba da shawara. Babu. Adadin kuɗin, da lokacin, da asusun, duk daga bakin mai ƙosai suka fito, shi ya sa za ta riƙe su a matsayin nata. Tambayoyin sun bi matakai huɗun da Whitmore ya shahara da su: me kake so, wane hali kake ciki yanzu, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, wacce za ka ɗauka kuma yaushe. Naira 200 kullum a kwana 180 naira 36,000 ce. Wataƙila ba za ta cika burin waken ba, amma matar da ta yi wata shida tana ajiya kullum ta riga ta zama mai ajiya, ƙara adadin ba zai yi mata wuya ba.

Me ya sa tambaya ta fi faɗa aiki? William Miller, wani masani da ya yi aiki da mashaya giya a Amurka, ya bayyana tun 1983 cewa in aka matsa wa mutum da dalilan da ya sa dole ya sauya, sai ya koma kare halin nasa, kuma duk lokacin da ya kare shi da bakinsa sai ya ƙara riƙe shi. In kuwa aka tambaye shi har ya faɗi dalilan sauyin da kansa, maganarsa ce take jan sa. Duk uban da ya taɓa zaunar da baligin ɗansa yana yi masa faɗa ya san wannan.

Jimlar malamar ta ƙarshe ita ce rabin aikin. Sanin cewa ranar Asabar wani zai tambaya yana sa hannu ya miƙa ga asusu ko a ranar kasala. Matan karkarar Maraɗi a Nijar sun nuna ƙarfin wannan. A 1991 ƙungiyar CARE ta taimaka aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, inda mata suke haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince a kai a cikin akwati a gaban 'yan'uwanta, suna kuma ba juna rance daga ciki. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Rana sananniya, adadi daidai ƙarfi, da idon 'yan'uwa, su ne suka riƙe shi.

Ranar da aka faɗi

Za a faɗi, wannan babu makawa. James Prochaska da Carlo DiClemente, waɗanda suka yi nazarin masu barin sigari a farkon shekarun 1980, sun ga cewa mutane da yawa sai sun bari sun koma sau da dama kafin su bari gaba ɗaya. Haɗarin ba a faɗuwar yake ba, yana cikin kunyar da ke biyo baya, irin wadda ta fitar da mai ƙosai daga adashi. A nan ake gane jagoran kirki. In ta zo ranar Asabar ta ce sau uku kawai ta sa, ba zai ɓata fuska ba. Zai tambaya: a kwana ukun nan me ya taimaka, a sauran me ya hana? Wataƙila asusun take mantawa a ɗaki. To matsalar wurin ajiye gwangwani ce, ba halinta ba, kuma gyaranta minti ɗaya ne.

Iyakar jagora, da wanda za a guje wa

Jagora ba likita ba ne. Wanda shan kodin ko tiramol ya kama, ko wanda baƙin ciki ya danne har ya daina barci da cin abinci, ko yake tunanin cutar da kansa, asibiti ya kamata ya je, kuma jagora na gari shi ne zai fara faɗa masa haka. Sannan ba kowace matsala ce ta hali ba. Wanda kuɗin shigarsa ba sa isar abincin gida, rashin ajiyarsa ba sakaci ba ne, kuma zalunci ne a ce masa tunaninsa ne ya talauta shi.

A yawancin ƙasashe babu dokar da ta hana kowa kiran kansa kocin rayuwa. Saboda haka ku yi hattara da masu tallar kansu a Facebook da WhatsApp suna alkawarin arziki cikin mako guda in an biya kuɗin rajista. Wanda maganarsa ta fi saurarensa yawa, ko yake ba ku labarin sirrin wasu, ko yake so ku dogara da shi a kowace shawara, ku bar shi. Namijin da ya nace sai ya keɓe da mace kafin ya yi mata jagora, shi ma a bar shi. Mafi yawanmu ma ba ma buƙatar biyan kowa. Malamin aji, ko abokin sana'a mai hankali, ko 'yar'uwa mai riƙe amana, duk za su iya, muddin za su yi tambaya su saurara, kuma su cika alkawarin haɗuwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa sauya hali yake zuwa da sauƙi a watan azumi, ya kuma yi wuya bayansa?
2. Ka zaɓi wani sabo naka, ka faɗi abin da ke tayar da shi da abin da kake samu a cikinsa.
3. A hirar malama da mai ƙosai, wace tambaya ce kake ganin ta fi buɗe hanya? Me ya sa?
4. In mutum yana ajiye naira 150 kullum, nawa zai tara a kwana 66?

Aikin mako

Kafin ku bar aji yau, kowa ya zaɓi aboki ɗaya, namiji da namiji, mace da mace. Ku yi wa juna tambayoyi huɗun nan na Whitmore, minti goma ga kowa, kuma mai tambaya kada ya ba da shawara ko da ta zo masa baki. Daga nan kowa ya rubuta jimla ɗaya a shafin farko na littafinsa: "In na gama kaza, a wuri kaza, zan yi kaza." Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya faɗa, abokinsa ya taya shi. A ƙarƙashin jimlar ku zana gida bakwai, duk ranar da kuka yi aikin ku sa alama a gida ɗaya. Ku zo da littafin mako mai zuwa ko da gida biyu kawai kuka cike, domin da shi za mu fara darasi na gaba.